Inda Malam Ya Bar Fari

Wata goma sha huɗu Desmond Kleinig ya yi yana shiga gidan Gwaggo Irma da safe yana fita da yamma, kamar ɗan kaso da aka yi wa alfarmar kwana a gida. Namiji mai shekara hamsin da takwas, gemu duk furfura, a birni har tashi ake yi a ba shi kujera. Amma da ya taka ƙofar gidan nan na garin Tanunda sai ya koma Dezi, ya goge takalmi sau biyu, ya wuce ɗakin baya kai a sunkuye.

Ba gwaggonsa ta jini ba ce. Matar malaminsa ce, marigayi Ewald Obst, wanda ya shekara arba'in yana kaɗa ogan, ƙaton abin kiɗan nan mai bututu, a babban cocin dutse na bayan gari. Shi ya koya wa Desmond kiɗa da jan kunne. Malam ya mutu ya bar wani dogon kiɗa mai cin minti hamsin. Sau shida kacal ya kaɗa shi a duniya, bai kuma yarda an ɗauka a faifai ba, wai faifai na masu mantuwa ne. Cocin an sayar, yanzu giyar inabi ake ɗanɗana wa baƙi a daidai inda fasto ke tsayawa. Ogan ɗin kuma an kwance shi bututu-bututu an zuba a akwatuna.

Sai wata ƙungiyar makaɗa ta birni ta ce tana so ta kaɗa shi a watan Afrilu, lokacin da Malam zai cika shekara ɗari da a ce yana raye. Aikin Desmond shi ne ya ɗauki abin da mutum ɗaya ke yi da hannu biyu da ƙafa biyu, ya raba wa mutum tamanin, masu goge manya da ƙanana, masu sarewa da algaita, masu ƙaho, har da mai tambura. Malam ɗigon rubutun kiɗa kawai ya zuba a takarda, bai ce wannan layin da murya kaza ake yin sa ba. Desmond kuwa sau biyu ya taɓa jin kiɗan, yana zaune ƙasa cikin jama'a, shekara talatin da suka wuce. Sauran duk kintace ne. Kuma ya sani sarai in za a tuna shi, da wannan aikin za a tuna shi, don abin da ya tara a baya bai wuce kiɗan tallar man goge baki da na wasan yara a talabijin ba.

Takardun suna hannun Gwaggo Irma, ta kuwa ɗaure shi tamau. Rubutun Malam ba ya fita daga ɗakin baya. Ba a ɗaukar hotonsa. Duk shafin da Desmond ya gama, sai ta sa hannu kafin ya tsallake ƙofa. Babban sharaɗin kuma, inda Malam ya bar fari, a bar fari.

Tsohuwar ba ta iya karanta kiɗa ba, ko ɗigo ɗaya. Amma fari ta san shi. A cikin kiɗan akwai wurare talatin da ɗaya inda komai ke tsayawa cak, wani numfashi biyu, wani huɗu, na sha bakwai har bakwai. Kullum ƙarfe huɗu da rabi takan shigo da tsinken saƙarta, ta jera shafin Malam da na Desmond, ta bi da tsinken har ta iske farin, ta leƙa ta saman tabarau ta ga ko wani abu ya faɗa ciki. Ko kashin ƙuda ta gani sai ta kankare da farce.

Ɗakin kuwa taga ɗaya ce, Malam ya sa an liƙe ta da fenti tun da, don kada iska ta taɓa masa takarda. An hana fanka saboda wannan dalilin. A zafin Fabrairu Desmond sai ya ɗaura tawul a wuya yana rubutu, ga warin tsohuwar takarda, ga warin kyanwa. Ƙarfe goma kek mai barbaɗen sukari, ƙarfe uku kek mai barbaɗen sukari. Matarsa Noelene ta gaya wa mai gyaran gashi, mai gyaran gashi ta gaya wa gari, cewa sau biyu ana buɗe masa ƙugun wando.

Ranar wata Litinin aka yi gwajin farko a birni, a sabon zauren nan mai kujerun katifa. Desmond ya zauna a tsakiya da takardu a cinya. Farkon ya tafi lafiya, har gashin hannunsa ya miƙe. Sai aka zo farin farko. Mutum tamanin suka tsaya, zauren ya haɗiye sautin nan take, kamar an jefa cokali a tukunyar kunu. Aka ji ƙarar kujera. Aka ci gaba, aka sake faɗawa wani ramin. A na sha biyu cikin wani mai sarewa ya yi ƙugi, na kusa da shi suka fara rawar kafaɗa. A na sha bakwai, mai tsawon nan, mai babban ƙaho ya ɗaga murya daga baya ya ce, “An tashi ne? In kama motar ƙarfe biyu?”

Fenella Drummond, shugabar makaɗan da ke jan su da sanda, ta sallame su shan shayi, ta sauko ta zauna kusa da Desmond ta tuɓe takalmi.

“Des, ina son kiɗan nan. Amma wannan hanyar ƙauye ce, tafiya kaɗan rami, tafiya kaɗan rami.”

“A coci ba haka yake ba,” in ji shi. “Dutse na riƙe sauti. Malam ya ɗaga hannu, amma sautin yana nan yana yawo a rufi, yana narkewa a hankali. Farin ba fari ba ne, jela ce.”

“To rubuta mini jelar. Ka bar masu goge shida su riƙe muryar ƙarshe su yi ta saki ɗaya-ɗaya. Aikin yini guda ne, ka fi ni sani.”

“Na sani.”

“To me?”

“Gwaggo.”

Fenella ta dube shi, ta dubi furfurarsa. “Kai, Des, ka ji kanka kuwa? Juma'a ƙarfe sha biyu mai buga takardu zai rufe. In babu jela da sa hannun tsohuwar a kai, zan cire shi in sa wani abu. Ba zan tsaya gaban mutum dubu da ɗari biyar suna tari a ramuka talatin da ɗaya ba.”

Ya tuƙo mota ya dawo ta cikin gonakin inabi, manyan motocin girbi na tare masa hanya, yana ta lissafi ba mafita. In ya cika farin, Gwaggo ta ƙi sa hannu. In ya bar farin, Fenella ta cire kiɗan. Ya yi tunanin kwaikwayon sa hannun tsohuwar, sai ya tuna jikanta lauya ne, kuma irin lauyan da ke jin daɗin aikinsa.

Ranar Talata ya gwada wayo. A fari na tara ya ja wasu siraran layuka da fensir, ƙanana kamar gashin gira, ya ɗora gwiwar hannu a kai. Ƙarfe huɗu da rabi Gwaggo Irma ta shigo da tsinkenta. Shekararta tamanin da takwas, tsawonta bai wuce kafaɗarsa ba, amma idon nan.

“Ɗaga hannu.”

“Gwaggo, ciwo yake mini.”

“Ɗaga, Dezi. Tun kana ɗan sha uku kake ɓoye abu a ƙarƙashin gwiwar nan.”

Ya ɗaga. Ta kafa tsinken a kan layukan. “Wannan fa? Gizo-gizo ne ya bi ta nan?”

“Ba sabon ɗigo ba ne. Nasa ne na ƙarshe, na ja shi kaɗan.”

“Goge.”

“In na goge, sun cire shi Juma'a. Shi ke nan, ba mai sake jin kiɗan Malam.”

“Su cire. Ya kwana shekara goma sha ɗaya a durowa, bai yi ƙorafi ba.”

Desmond ya ji zafin ɗakin ya hau masa kai. Bai taɓa ɗaga wa tsohuwar murya ba, amma ranar sai da ya miƙe tsaye, tawul ɗin ya faɗi. “Gwaggo, kin san abin da kike gadi kuwa? Malam ya bar farin nan ne don coci ya amsa masa. Ni na ji da kunnena. Na rubuta shafi goma sha biyu a mujallar masana a kan shirun nan, har daga Jamus aka aiko mini wasiƙa!”

“Na ga mujallar. Ita ce ƙarƙashin kwanon kyanwa.”

Ta ajiye tsinken. Ta nuna dogon bencin ogan ɗin, wanda Malam ya kwaso gida ranar da aka sayar da coci, yana jingine da bango an ɗora masa tukwanen fure.

“Sauke furen. Jawo shi tsakiya. Zauna.”

Ya yi yadda ta ce, don bai san yadda ake ƙin yi ba.

“Kai ne Ewald. Miƙa hannu. Buɗe ƙafa, shi ba ya zama kamar amarya. To, ga mariƙai goma sha tara a hagunka, ga goma sha bakwai a damanka. Ka ja ɗaya murya ta buɗe, ka tura ta rufe. Ka san wannan ai, ko shi ma sai Jamus?”

“Na sani, Gwaggo.”

“Hannunka biyu na kan aiki, ƙafarka biyu na kan aiki, yatsunka sun kumbura da sanyin ƙashi. Wa ke ja maka?”

Desmond ya tuna. Ya sha ganin ta tana hawa matakalar sama bayan Malam da jakarta a hannu, ta ɓace bayan katangar katako. Kowa a ƙasa ya ɗauka shafi take juya masa.

“Ɗaga hannu!” ta daka masa tsawa. Ya ɗaga. Tsohuwar ta kai hannu ta hagunsa ta tura iska sau uku, ta ja sau biyu, tana ƙirga, ɗaya, biyu. “Wannan ƙaramin fari ke nan. Sake.” Ya sake ɗagawa. Ta tura na hagu, ta zagaya ta bayansa da ɗan gudu, silifas na faɗa, ta ja na dama, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta tsaya tana haki ta dafa kafaɗarsa. “Wannan babba. Bencin nan tsawo gare shi, bayan Ewald kuma ya fi naka faɗi. Da agogo ya auna ni. In na rage, ya rage farin. In na makara, ya ƙara, ya yi kwana biyu ba ya mini magana.”

“Na sha bakwai fa?” in ji Desmond. Shafi huɗu ya yi a mujallar a kan na sha bakwai kaɗai, ya ce nan ne rai ke tsayawa gaban Mahalicci.

“Shekarar da ya rubuta wurin na faɗo daga tsani ina tsinkar 'ya'yan itacen afirkot. Hannu ɗaya gare ni, ɗayan a rataye.”

Desmond na nan a kan bencin, hannu a miƙe har yanzu, ya manta bai sauke ba.

“Sunansa ne a saman takarda,” in ji ta, tana gyara tabarau. “Ɗigon nan duk nasa ne, na bar masa. Farin ne wurin aikina. Sai kai ka zo da fensirinka ka share ni kamar ban taɓa hawa matakalar ba.”

“Ban sani ba, Gwaggo.”

“Ina za ka sani? Wata goma sha huɗu tambaya ɗaya kake mini, ina sukari.” Ta jawo shafinsa. “Bayan fari na tara, wa ka ba wa?”

“Masu goge. Su talatin.”

“Tir! Wurin Akuya ne.”

“Akuya?”

“Hagu, na uku daga ƙasa. Rubutun kansa ya goge tun kafin a haife ka, ni na raɗa musu suna. Siririyar murya ce ta hanci, ita kaɗai, kamar an ɗaure ta a rana. Kai ka zuba mata mutum talatin. Bayan na goma fa?”

“Masu ƙaho.”

“Nan ka yi daidai, Surukata ce, ba ta iya magana a hankali ba. Na sha ɗaya?”

Haka suka bi su har rana ta karkata. Akwai Fasto Mai Mura, akwai 'Yan Biyu, akwai Rijiya wanda ake jin sa a ciki ba a kunne ba. Duk talatin da ɗaya suna kanta a jere, ba ta ko tsaya tunani ba, hannunta na ja yana turawa da kansa. Cikin talatin da ɗaya, tara Desmond ya cinka. Wata goma sha huɗu yana fasa kai yana kintace, ashe amsar ce ke kawo masa kek sau biyu a yini.

Da suka gama ta zauna a gefen bencin. Ta murza tsinken a hannu, ta ce, “Wannan jelar da kake ta faɗa. Yaya take?”

“Ba ki taɓa ji ba?”

“A ina? Ina can sama ina haki, katako na ƙara, Ewald na cewa yi sauri mana, mata. Ni abin da na sani ke nan a farin.”

Ya gaya mata. Bai yi mata yaren mujalla ba. Ya ce in Malam ya ɗaga hannu, sautin sai ya tashi sama ya bi rufi har ƙofar baya, manyan muryoyi su fara faɗuwa, sirara su rage suna lilo, mutane su riƙe numfashi, ko jariri ba ya motsi, sai dai a ji wata sabuwar murya ta shigo daga inda ba a zata ba.

“Sabuwar muryar ni ce,” in ji ta.

“Ke ce.”

“Ashe kun sha daɗi a ƙasa.” Ta taɓe baki. “To. Ja jelarka. Amma ba zan sa hannu a kan mutum talatin a wurin Akuya ba. Kowane fari ka cika, abin da ke bayansa ka mayar da shi yadda na ja shi. Ashirin da biyun da ka kuskure duka.”

“Gwaggo, rabin littafin ke nan! Juma'a fa!”

“Ni na sa Juma'ar?”

Ya fita baranda ya kira Fenella. Ta saurara, ta yi dariya har ya janye wayar daga kunne, sannan ta daina. Ta ce za ta roƙi mai buga takardu, za ta sadaukar da gwaji ɗaya, mako biyu ke nan, ko awa ɗaya ba za ta ƙara ba. Ta ce, “Akuyar nan, algaita ce?” Ya ce algaita ce, guda ɗaya, kuma a gaya wa mai busa kada ya yi mata ado.

Da ya dawo ciki ya tarar Gwaggo ta shimfiɗa zanen gado a kan doguwar kujerar ɗakin baya, ta kuma riga ta kira Noelene ta kawo masa kaya na mako biyu. Wai zuwa da komowa ɓata lokaci ne. Noelene ta kawo, har da murmushinta, ta wuce gidan ƙanwarta a bakin teku.

Mako biyun nan ko ƙofar gida bai taka ba. Tun asuba tsohuwar ke tsaye a kansa. Ba ta san sunan kayan kiɗa ba, sai dai ta kwaikwayi muryar da baki, shi kuma ya nemo wanda zai yi ta. Ta toshe hanci ta yi Fasto Mai Mura, ya ba manyan algaitu biyu. Ta ce ya yi kauri, ya goge ɗaya. Ta ce yanzu ya rame. Maƙwabta suna jin tsohuwa na kukan akuya ta bayan katanga, har matar maƙwabcinta Heinrich ta leƙo ta tambaya ko a kira likita. Roba uku ya cinye da goge-goge. Ranar ƙarshe ta sa hannu a shafi ɗari biyu da goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda ya juya mata ba.

Aka kaɗa shi ranar Lahadi da rana, zaure cike. A takardar shiri, ƙarƙashin sunan Malam da na Desmond, an ƙara layi guda: muryoyi kamar yadda Irmgard Obst ta ja su. Gwaggo Irma ta karanta cikakken sunan nata, ta ce an yi rubutun ƙanana, ta cusa takardar a jaka.

Desmond na gefenta. A farin farko kafaɗarta ta zabura, hannun hagu ya kai wa iska cafka. A na biyu ma haka, leɓenta na ƙirga. Masu goge shida suna sakin muryar ɗaya-ɗaya, ba wanda ya yi tari. Wajen na goma hannun ya fara lafawa. Da aka zo na sha bakwai ta haɗa hannu biyu a kan jaka, ta ɗaga kai tana bin abin da ido har ya narke, bakinta a ɗan buɗe. Desmond ya kau da kai ya bar ta.

Aka yi tafi, aka kira shi sama sau uku, Fenella ta rungume shi. A mota yana tuƙi yana jin kansa sakayau, yana tunanin teku, da ɗaki mai taga a buɗe, da abincin da ba sukari.

“Akuyarku ta yi ƙiba,” in ji Gwaggo Irma, bayan sun bar birni.

“To, Gwaggo.”

“Amma ba laifi.” Ta buɗe jaka ta ɗauko alewa ta jefa a baki. “Yarinyar nan mai sanda tana da hankali. Ta tambaye ni ko Ewald ya bar wani abu. Na ce mata akwai huɗu a akwatin ƙarƙashin gado, ɗaya ma ya fi wannan tsawo. Na ce ba wanda zai taɓa su sai kai.”

Motar ta ɗan kauce, ya dawo da ita kan hanya.

“Kuma ka hanzarta, Dezi, ni ba yarinya ba ce. Dubi gabanka, ga babbar mota.”